Jirgin da na haɗa a saman bene

Shekarar da matata ta koma Kano da yara, ni kaɗai na rage a gidanmu na unguwar Harra ta Yamma, nan ƙasa mai tsarki. Aikina gyaran motocin jan kaya a filin jirgi, kuma idan na tashi babu mai jirana. Sai na sayo ƙaramin jirgin sama na katako daga Jidda, irin wanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya haɗa da kansa.

Duk Juma'a bayan la'asar nakan hau saman bene da shi. Gangar jikin ce ta fi ba ni wuya, domin idan an shafa gam sai wani ya riƙe gefe ɗaya kafin ya kama. Ba ni da mai riƙewa, sai na riƙa matse katakan da maƙalan shanya. Na goge shi da samfefa, na fesa fentin farko mai ruwan toka, ya yi wata biyu a haka don na rasa launin da zan zaɓa.

Ran nan na je kabina, rumfar buga waya ƙasar waje, na tambayi matata.

"Maigida, a kan fenti ka kira?" in ji ta. Sannan ta ce, "Sa shuɗi. Kana dai cin abinci ko?"

Na ce ina ci. Na fesa shuɗin, ya kuwa yi kyau. Ban taɓa tashinsa ba, a kan kabad na ajiye shi, a ɗakin yara.