Jan Zane a Igiyar Guga

Jiya da safe na zura guga a rijiyar gidanmu, na yi ta sakin igiya ban ji ya taɓa ruwa ba. Sai da hannuna ya kai kan koɗaɗɗen jan ƙyallen da ke ƙarshenta sannan guga ya nutse. Nan take Inna ta faɗo mini a rai.

Marigayiya Inna mahaifiyar maigidana ce. Tun da aka kawo ni Tambuwal daga Kebbe nake ganinta kullum da hantsi tana leƙa rijiyar nan. Da damina ruwa kan taso har mutum ya ga fuskarsa, sai ta naɗe rarar igiya. Da bazara ya ja baya, ta ƙulla ƙari.

Wata bazara mai tsanani, guga ya fara fitowa da laka. Maigida ya sayo kwaɗo zai kulle murfin rijiyar, wai maƙwabta da matan ruga za su ƙarar mana da ruwa.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko jan zanenta mai ƙamshin turaren wuta, ta keta shi, ta tufke, ta ɗaura a igiyar.

"Kai wanga, aje kwaɗon ga," ta ce da ɗanta. "Ruwan bai tahi ba, ƙasa ya yi. Igiya za a ƙara mishi."

Da zanen nan unguwa ta sha har damina ta faɗi.

Inna, Allah Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, inda ba a neman ƙarin igiya.