Tseren Motar da Sai a Malikanchi

Mu uku ne, duk mun haura talatin da biyar, kowa da iyalinsa, amma idan aka gama kaka aka kai amfanin gona gida sai mu koma yara na sati uku. Ni ina Malikanchi, malamin gona ne. Taubashina, ɗan ƙanwar babana, yana Makarfi da shagonsa na gyaran waya, kuma tunda Allah ya yi shi bai taɓa ganina ya bar ni na sha ruwa lafiya ba. Na ukunmu yana Kudan, abokinmu ne tun makarantar kwana, yanzu noman inabi yake yi. Shi ba ya gardama sai ya tabbata zai ci.

Gem, wato wasan bidiyo, shi ne ya riƙe mu. Masu ƙera na'urorin gem suna da wata irin rowa: kowanne yakan fitar da wasu wasanni da ba sa hawa kan na'urar kowa sai tasa. Mu kuma, ba tare da mun shirya ba, kowa ya sayi daban. Tawa wata 'yar farar aba ce kamar bulo, ta hannu na samo ta a Zariya. Ta taubashina doguwa ce, yana goge ta da hankici kamar amarya. Ta mutumin Kudan ƙarama ce, ana riƙe ta a hannu, in an ga dama a jona ta da talabijin. Don haka duk wanda yake son ɗanɗana abin da ke wajen ɗan'uwansa, sai dai ya hau babur ya je.

A wajenmu magidanci ba ya ɗaukar hanya don kawai ya ga fuskar abokinsa. Sai da dalili: biki, suna, dubiya, ta'aziyya. Shekarun farko bayan aurenmu a irin waɗannan wuraren kawai muke haɗuwa, mu gaisa a tsaye, kowa ya kama gabansa. Da gem ya shigo sai muka samu dalili, ko da yake ba irin wanda ake faɗa a gaban dattawa ba ne. Muka tsara cewa ƙarshen kowace shekara za a yi Asabar uku a jere, ɗaya a kowane gida. Mai gida ya fito da wasan da ya fi burge shi a shekarar, wanda babu shi a na'urar sauran, a buga daga hantsi zuwa La'asar. A Asabar ta ƙarshe a zaɓi gwani a cikin wasannin uku, kuma ba a yarda mutum ya zaɓi nasa ba.

A Makarfi taubashina kan tare mu da rake da mazarƙwaila, ya kunna mana irin wasanninsa masu dogon labari, inda jarumi zai tsaya yana surutu da Turanci har rakenka ya ƙare bai harba kibiya ko ɗaya ba. In na yi ƙorafi ya ce ai ba laifina ba ne, ƙwaƙwalwar ƙauye ce. A Kudan kuwa wasu 'yan halittu ne masu launi-launi suna tsalle-tsalle, abin kamar na yara, amma sai ka ga ƙato da gemu yana cizon leɓe don ya faɗa rami sau goma. Mu ci inabi har haƙora su mutu.

Nawa tseren mota ne. Ba don nawa ba ne, amma duk cikinsu babu kamarsa: ƙasa a buɗe, duwatsu, gonaki, rafi, ka bar titi ka keta daji in ka isa. Duk sabon fitowarsa nakan ajiye musu. Matata ta yi dambu, a karɓo nono mai kyau a rugar da ke bayanmu, a dama fura, in shimfiɗa tabarma a ɗakin zaure. Gidana ne ya fi nisa, hanyarmu kuma ba ta da kirki, kuma duk shekara sai sun sauko daga babur suna tsine mata. Amma suna zuwa, tunda babu inda za su samu tseren nan sai wajena. Taubashina bai iya tuƙi ba ko kaɗan. Duk bishiyar da ke cikin wasan nan sai da ya gaisa da ita, ni kuwa in yi ta dariya har da riƙe ciki.

Bara, ana tsakiyar damina, ina duba waya a gindin wata ɗorawa bayan na gama zagayen gonaki, sai na ga labarin da ya tsinka mini zuciya. Masu tseren motar sun sake shawara, za su fitar da shi a kan irin na'urar taubashina ma. Na karanta sau uku. Na fusata kamar ni aka ci amana, har na yi tsaki da ƙarfi wani manomi ya waiwayo. Lissafin a fili yake: taubashina yana da babban talabijin, yana da sola, gidansa a bakin titi. In tseren ya hau na'urarsa, me zai sa mutum mai hankali ya sake biyo hanyar Malikanchi? Ba zan ɓoye ba, tsoro na ji. Asabar ɗin nan ita ce ranar da na fi so a duk shekara, ranar da zaurena yake cika da hayaniyar mutanen da suka san ni tun ban san kaina ba.

Sai na yi shiru da maganar. Na san wauta ce, mai gyaran waya ai ba a riga shi jin irin wannan labari, amma na ce wataƙila aiki ya sha masa kai. Duk lokacin da muka yi waya in ya doso zancen gem sai in karkata shi zuwa farashin taki. Na yi ta neman wani wasan da zai maye gurbi, wanda babu shi a ko'ina sai a na'urata, ban samu wanda ya kama ƙafar tseren ba. Matata ta ce in faɗa musu gaskiya mana in huta, na ce mata wannan zancen maza ne. Ta ce ta gani, shi ya sa nake kasa cin tuwo.

Aka yi ta Makarfi, aka yi ta Kudan, babu wanda ya ce komai. Asabar tawa ta zo. Tun da safe na share zaure da kaina, na cika batir, na jera hannuwan gem biyu a kan tabarma. Hantsi ya wuce, shiru. Na kira, wayar ba ta shiga. Na yi Azahar a masallaci hankalina yana bakin hanya, na dawo na tarar dambu ya huce. Har na fara shirya baƙar maganar da zan gaya wa taubashina a bikin dangi na gaba, sai na ji ƙarar babur. Ga su nan su biyu a kan ɗaya, wandunansu duk ƙaiƙayi, wai taya ce ta yi faci suka tura babur ɗin har wajen mai gyara. Taubashina bai ko gama sallama ba ya ce wanda duk ya zaɓi zama a garin nan yana da laifin da yake ɓoye wa hukuma.

Muka gaisa, suka shiga suka gaida mahaifiyata, muka ci muka sha, aka kunna. Tseren farko da na biyu taubashina ya yi abin da ya saba, ya rungumi bishiya, ya faɗa rafi. A na uku muka zo kai da kai, mutumin Kudan yana zuga shi. Akwai wata kwana a wasan da in ka saki titi ka bi ta bayan wani rusasshen gini za ka yanke hanya, ni kaina sai da na yi sati biyu kafin na gano ta. Wasa ya yi daɗi, taubashina ya manta da kansa. Sai ga shi ya karya sitiyari ya shige ta bayan ginin nan sumul, ko bango bai taɓa ba.

Na tsayar da wasan. Na dube shi, ya dubi rufin ɗaki. Mutumin Kudan ya sunkuyar da kai cikin kwanon fura, kafaɗunsa suna rawa.

“Tun yaushe?” na ce.

“Wata uku,” in ji taubashina. “Ranar da ya fito na saka shi.”

Ashe duk karon da ya yi ta yi da bishiyoyi ɗazu da gangan ne, kuma su biyun sun ƙulla cewa ba za su nuna mini sun sani ba. Kunya ta kama ni, fushi ya biyo baya. Na ce to tunda yana da shi a ɗakinsa, ga sola ga ƙaton talabijin, me ya kawo su su sha wannan wahala har da turin babur?

Taubashina ya juyo ya dube ni.

“Ɗan kawu, na buga shi a gida. Na ci tsere ya fi ashirin. Duk wanda na ci sai in waiwaya in yi maka tsiya, in ga ba ka nan. Ka saki wasan nan mu ci gaba, rana tana yi.”

Na saki. Ban ga hanya sosai ba, don idona ya kawo ruwa, kuma ban yarda na ɗaga hannu na share a gabansu ba. Motata ta tafi kai tsaye ta daki bishiya. Taubashina ya wuce ni yana waƙa, ya tsallaka layi, sannan ya waiwayo ya same ni a gefensa, ya yi mini tsiyar da ya tara ta wata uku.