Bayanta Ne Kunnenta

Yayata kurma ce, ɗinki ne sana'arta. Da ta haihu, kullum ɗan yana goye, ko tana kan keke. Uwar mijinta ta ishe mu da mita: "Yaro manne kamar kaska! Za ta sangarta mini jika."

Ran nan Yaya ta kama hannun tsohuwar ta ɗora kan majanyi. Yaron ya ja numfashi zai yi kuka, kafin ya buɗe baki har ta kwanto shi. Ta nuna kunnenta ta girgiza kai, sannan ta dafa bayanta.

Yanzu ya shiga makaranta. In ya koyo waƙa, sai ya manna ƙirji a bayanta ya rera, ƙafarta tana bin waƙar a kan keke.