Kwanson da Piroska Ta Goge

Vendel Kocsis yana da shekara shida jirgin yaƙi ya sauko ƙasa-ƙasa a hanyar ƙauyenmu, ya buɗe wa keken dokin ubansa wuta, ya kashe uban. Uwarsa Piroska ta tsinci kwanson harsashi guda a bakin hanyar, ta kulle a akwati. Sau ɗaya a shekara take fito da shi, ranar ziyarar matattu, ta goge shi da toka da ruwan tsami, ta mayar. Ko taɓawa ba ta bari a yi.

"Rashawa ne," abin da take cewa ke nan. Kowa ma haka ya ce.

Vendel ya girma ya zama mai gyaran injin noma. In an gama huɗa sai ya bi kunya yana tsintar kwansunan da garma ta tono. Ya koyi auna tsawonsu da karanta tambarin da ake bugawa a gindi, har rumfarsa ta cika. Tun yana ɗan talatin ya gane daga nesa cewa na uwarsa ba na Rashawa ba ne, don irin na Rashawan da ya sani suna da leɓe a gindi. Wannan na bindigar Jamusawa ne. To amma jiragen ƙasarmu ma irinta suka ɗauka. Bai gaya mata ba. Ya sa rai tambarin zai nuna masa ko baƙi ne suka kashe ubansa ko 'yan gida.

Da Piroska ta rasu, ita da shekara casa'in da uku, ya naɗe kwanson a hankici ya kai wa abokinsa Gáspár mai gyaran agogo.

"Kai tsohon ɓera, yau wane tarkacen ka jawo?" in ji Gáspár.

"Na Baba ne. Idona ya gaza. Duba min."

Gáspár ya bar wasa. Ya maƙala gilashinsa na duba agogo a ido, ya juya kwanson wajen taga, ya daɗe yana juyawa.

"Wa ya goge wannan?"

"Inna."

"Sau nawa?"

"Kowace shekara. Har da bara, tana daga kwance."

"Vendel, ɗan'uwana, ya fi cokalin amarya santsi. Ko ɗigon tambarin bai saura ba."

"Karkato shi."

"Na karkata."

"Ka sake dai."

Ya sake. Vendel ya karɓa, ya shafa gindin da babban yatsa. A wurin sai wani ɗan kwarmi, daidai inda yatsan uwarsa ke zama in tana gogewa.

Gáspár ya ce ya tsaya su ci miyar wake, Vendel ya ce a'a.

Da aka yi huɗar kaka, maƙwabci ya leƙo ta shinge ya ce garma ta tono kwanso guda biyu masu kyau, tambarinsu raɗau.

"Bar su nan," in ji Vendel.