Tsutsar Ƙaguwa Ce, Suka Ce Tarin Fuka Ne

Edita, a lokacin da abin nan ya same ni, tsohon soja ne ni, na dawo daga kudu bayan yaƙin basasa, ina noman auduga a wani ƙauye kusa da Maska. Ban jima da aure ba tari ya kama ni, kaki yana fita da jini-jini. A wani asibiti aka dube ni sama-sama aka ce tarin fuka ne. Na sha allura har zama ya gagare ni, tarin ko gezau.

Wana shi ne maigida, shi ya yanke hukunci. Aka ware mini kwano da moɗa, aka kai shimfiɗata ɗakin da ake zuba auduga. A bakin ƙofa ake ajiye mini tuwo kamar na kare. Duk wannan wulaƙanci na haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da matata ta haihu. Na miƙa hannu in karɓi ɗana in yi masa kiran salla a kunne, wana ya tare ni, ya ce in ja baya kada in kashe musu jinjiri. Shi ya yi masa huɗuba, ina tsaye a tsakar gida ina kallo.

Wata 'yar kudu mai sayar da atamfa a Funtua ce ta ji irin tarina, ta tambaye ni ko na ci ƙaguwa a can wajensu. Na ce mun ci, ɗanya-ɗanya ma, da yunwa ta matsa mana. Ta tura ni wurin wani likita mai bincike. Ya duba kakina a madubin likita mai ƙara girman abu, ya ce ƙwan tsutsa ne, daga ƙaguwa take shiga huhu, kuma mutum ba ya shafa wa mutum. Ya nuna mini fararen ɓeraye da suka sa wa tsutsar don su ga yadda garkuwar jiki ke yaƙar ta. Ina kallo ya ɗauki ɗaya a tafin hannu yana shafa bayansa. Raina ya ɓaci. Ciwonmu ɗaya da ɓera, shi ana shafa shi, ni 'yan'uwana suna guduna.

Na zauna a wurin likitan ina shan magani. Magani ya yi aiki, tari ya tafi. Amma kafin in koma gida ƙyanda ta shigo ƙauyen ta ɗauke yaron. Wana ya tarbe ni yana cewa in yi haƙuri, haka Allah ya so. Na yarda da ƙaddara, amma ba Allah ne ya ce a hana ni ɗaukar ɗana ba. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Jama'a, in tari ya ƙi jin magani, ku koma a sake dubawa, ku gaya wa likita inda kuka je da abin da kuka ci. Kuma kafin ku ware wa mutum kwano, ku tabbatar da abin da ke damunsa. Ni ga shi na tsufa, ban san nauyin ɗana na fari a hannu ba.