Wanda Ya Yi Jinyata a Nguru

'Yan uwa, na daɗe ban ce komai a dandalin nan ba. Wasu sun ɗauka fushi nake yi. Da fushin, amma ba shi ya rufe mini baki ba. Ciwo na yi, har sai da aka farka cikina.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, ni mutumin Kudancin Kaduna ne, gyaran firji ya kawo ni Gashuwa. Matata Saratu tana gida da yara, ita ke kula da tsohuwata da ba ta iya tashi.

Da zazzaɓi abin ya fara. Mai kemis ya haɗa mini ƙwayoyi, na sha na koma aiki. Ya tafi, ya dawo, na ƙara sha. Wata safiya na tashi cikina ya yi tauri kamar katako, ko tari ba na iya yi.

Alhaji Modu, mai gidan da nake haya, shi ya sa ni a motarsa. A Gashuwa suka duba suka ce mu wuce Nguru. Can aka ɗauki jini, aka yi hoto. Likita ya ce taifot ne ya huda hanji, aiki za a yi, kuma yau ba gobe ba. Sai ya ce, "Wa zai zauna da kai?"

Wanda bai taɓa kwanciya a asibiti ba, ba zai gane nauyin wannan tambaya ba. Mai jinya ne ke sayo magani, shi ke neman jini, shi ke juya ka, shi ke zubar da fo. Alhaji ya yi iya nasa. Shi ya sa hannu a takardar aiki, shi ya sayar mini da babur ɗina da daraja aka biya kuɗin aiki. Amma yana da shago da iyali. 'Yan uwana na gida kuwa, kowa ya bugo ya ce yana addu'a. Ban raina addu'a ba. Sai dai ta waya ba ta ɗaga mutum zuwa bayi.

Mutanen majami'armu ban ma sa rai da su ba, don tun bara na daina zuwa. Wata Lahadi firjin wani mai kifi ya mutu da kaya cike, na bar sujada na je na gyara. Baba Bulus, dattijon ikilisiya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya miƙe gaban jama'a ya ce a sa ni a horo. Aka mai da ni bencin baya, aka hana ni jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a majami'a. Na ɗan jure, daga baya na ce su riƙe bencinsu.

Da na farfaɗo daga aiki, roba a hanci, wata a ciki, fuskar Baba Bulus na fara gani. Ashe Alhaji ne ya aika masa.

Na ce, "Baba, me ka zo yi?"

Ya ce, "An ce ba ka da kowa."

"Ina cikin horo fa."

"Horon nan, jibi ya hana ka, bai hana a goge maka jiki ba. Yi shiru."

Tsoho ne mai ciwon gwiwa, amma a kan kwali yake kwana ƙasan gadona. Shi ke bin layin magani. Shi ke ɗaukar fo ɗina, bai taɓa yamutsa fuska ba, ni ne ma nake kau da kai don kunya.

Ɗinkin ya yi ruwa, aka sake buɗe wani gefe ana wankewa kullum da safe. A makon ne mutumin gadon kusa da ni ya cika. Na ji tsoro ƙwarai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a binne ni a ƙasar da yarana ba su taɓa gani ba. Na faɗa wa Baba. Bai yi mini wa'azi ba. Ya kira Saratu, ya riƙe mini wayar a kunne har hannunsa ya gaji.

Ran Lahadi na hango shi ta taga, a durƙushe bakin famfo yana wanke zanen da na ɓata. Da ya shigo na ce, "Baba, yau Lahadi ce. Wa zai sa ka a horo?"

Ya ce, "Ashe ka fara samun sauƙi, tunda bakin ya dawo."

Bai taɓa ba ni haƙuri ba. A motar komawa Gashuwa ma sai da ya ce har gobe ban kyauta ba da na bar sujada. Na ce har gobe da na bar kifin mutum ya ruɓe, da na fi zunubi. A nan muke har yanzu. Amma na ji wa'azi da yawa a rayuwata kan bin Yesu, ban gane shi ba sai a hannun mutumin da na fi jin haushi.

Yanzu ina cin tuwo, ina ɗan taɓa aiki, na kuma koma majami'a.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Alhaji Modu, da Saratu da ta riƙe gida ita kaɗai. Baba Bulus ba ya hawa nan, wani ya karanta masa.

Shawarata: zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, a je a yi gwaji, a bar haɗin kemis. Ciki in ya yi tauri, kada a jira. A tafasa ruwan sha.

In kuma ka je gaida baƙo a asibiti, kada ka tsaya a "Allah ya ƙara sauƙi". Tambaye shi wa ke kwana wurinsa. In ya juya yana kallon bango, to kai ne mai jinyarsa.