Wayar Uwar Hatimi

Tun kafin gari ya waye tana tsaye a falo tana guga. Kayan ƙanwarta ne. Haka ta saba tun Auta tana firamare, ba wanda ya ce ta daina, ita ma ba ta ce za ta daina ba. Sai dai yanzu tana danna dutsen gugar kamar rigar ta yi mata laifi. Wayarta na gefe a kan caji. In ta gama hannun riga ɗaya sai ta leƙa ta ga ko ta cika. Tsohuwar waya ce mai madannai, lambobinta duk sun goge, amma a 'yan watannin nan babu abin da take lallaɓawa a gidan kamarta.

A wurin aiki Uwar Hatimi ake ce mata. Kamfani ne da ke fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa. Ofishin a saman wani shagon taya yake, tagoginsa na kallon ƙofar da manyan motoci ke bi su ɗauko kwantena. Da ƙuruciyarta ta shiga, tana buga tafireta, har aka kai ga damƙa mata hatimin kamfani da makullin durowar da ake ajiye shi. Kowace kwantena da takardunta: ta kamfanin jirgi mai nuna kayan na wane ne, ta ƙasar da suka fito, ta banki, ta kwastan. Duk sai sun bi ta teburinta. In ba ta duba ta buga ba, mota ba ta motsi, ko kayan na wane ne. Direbobi kan jeru a bakin ƙofarta, kowa da doguwar gaisuwarsa, har da tambayar ciwon gwiwarta. Ba ta da fara'a, kuma ba ta taɓa ɓatar da takarda ba. Ba a neman fiye da haka a wurin abokin aiki.

Auta kuwa tana rarrafe mahaifiyarsu ta rasu. Uwar Hatimi ce ta ɗauke ta, ta haɗa ta da nata 'ya'yan, ta sa ta makaranta. 'Ya'yan suka girma suka watsu, maigidanta ya rasu, gidan ya rage su biyu. Ita ce ma ta kama hannun yarinyar ta kai ta gaban Manaja, ta ce ta iya kwamfuta, a taimaka a ba ta ko da ɗaukar hoton takardu ne. Daga baya in ta tuna wannan ranar sai ta yi tsaki ita kaɗai, har na kusa da ita ya ɗauka da shi take.

Sai aka zo da sabon tsari. Kamfanonin jirgi, bankuna da kwastan duk za su riƙa tura wa juna takardun kaya ta na'ura, babu takarda, babu tawada, babu ɗan saƙo a kan babur. Aka ce kowane kamfani ya tura mutum guda ya koyo. Manaja ko kallon teburinta bai yi ba. Auta ta tafi, ta dawo da kati rataye a wuya, aka ware mata ɗaki mai sanyi, aka ba ta motar da za ta riƙa ɗauko ta da sassafe. Direbobi suka laƙa mata Injiniya.

“Injiniyar da ban taɓa ganin ta ɗaure ko kusa ɗaya ba,” in ji Uwar Hatimi. Aka yi dariya, amma sunan ya zauna.

Layin bakin ƙofarta ya ɓace. Yanzu saƙo ke shiga wayar direba ya ce masa lokacinsa ya yi. In sun hau ofis don wani abu sai su wuce ta suna cewa, “Hajiya, sannu,” ƙafarsu ba ta ko tsaya ba. Tawadar hatimi ta bushe a cikin durowa. Takan zauna tun safe tana jera tsofaffin fayiloli da ba wanda ya tambaya, tana jin dariyar ƙanwarta ta bayan ƙofa, tana jin ana kiran yarinyar daga ƙasashen da ita sunansu kawai ta sani a kan takarda. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yarinyar ta iya aikin. Da tana kuskure da an samu abin faɗa.

Abu ɗaya ya hana ta zama kujera a ofishin, shi ma kuskure ne. Ranar da ake yi wa kamfanin rajista a sabon tsarin, na'ura ta nemi lambar waya. Manaja ya karanto wadda ya haddace, wadda ke saman kowace takardar kamfani. Ita kuwa lambar Uwar Hatimi ce ta kanta, don wayar ofis ta daɗe da mutuwa, kuma shekara da shekaru ita ake kira. To, ga yadda tsarin yake: duk lokacin da Auta za ta tura izinin fitar da kwantena, sai na'ura ta aika wasu 'yan lambobin sirri zuwa wayar da aka yi rajista da ita. In ba a shigar da su da wuri ba sai su mutu. Ke nan duk sanyin ɗakin Auta, sai ta taso ta zo teburin yayarta.

“Yaya, lambar.”

“Ba a gaisuwa a ƙasarku ta kwamfuta?”

Sai Auta ta gaishe ta, ko da tare suka karya. Sai a nemi tabarau, wanda yawanci yana bisa kanta. Sai a karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koyon ƙirga. Ba ta taɓa miƙa wayar a hannun kowa ba. Ko banɗaki za ta, da ita take shiga. Kafaɗunta suka ɗan miƙe a 'yan makonnin nan. Har ta fara gaya wa mai shara cewa duk wannan ƙyale-ƙyalen na'ura, igiyar tana hannunta.

A safiyar da ake magana, ta gama gugar ta rataye kayan a ƙofar ɗakin Auta. Mota ta zo, direban ya fara gaida ƙanwar kafin ita. Ta ce su tafi, ita bas za ta hau, tana son shan iska. Ba iska a bas, kowa ya sani.

Da hantsi mai kamfanin da kansa ya zo da baƙi biyu daga wani kamfanin jirgi. Ya zagaya da su. A ɗakin Auta suka daɗe, ana nuna musu yadda takarda ke tashi daga wata ƙasa ta iso kafin mutum ya ajiye kofin shayi. Uwar Hatimi ta gyara ɗankwalinta, ta share teburi da tafin hannu, ta fito da hatimin ta ajiye inda za a gan shi. Da suka zo wucewa, mai kamfanin ya nuna kusurwarta da makullin motarsa ya ce nan kuma tsofaffin fayiloli ne. Bai ce da ita a ciki ba, bai kuma ce ban da ita ba. Suka sauka.

Ranar akwai kwantenar daskararren kifi da za a fitar. Direban da zai ɗauka dattijo ne, tun zamanin tafireta suka san juna, kuma tun asuba yake layi a bakin ƙofar tasha. Uwar Hatimi ta san da haka. Ta ɗauki wayarta ta shige ɗakin ajiya na baya, ta ja ƙofa, ta zauna a kan wani kwali. Wayar ta yi ƙara a tafinta. Ta duba, ga lambobin nan. Ta zuba musu ido. Ta ji takun Auta ya nufi teburinta, ya tsaya, ya koma. Ta kashe ƙarar wayar. Kira ya shigo, sunan Auta ya yi ta haske har ya gaji. Wasu lambobin suka zo, su ma ta bar su suka mutu. Da aka yi ta nema ba a shigar ba, na'ura ta kulle izinin sai washegari. Dattijon ya rasa layinsa, aka mayar da kwantena kan wutar lantarki don kada kifin ya narke.

Ta so ta ji daɗi. Ta zauna tana jiran daɗin ya zo, ƙura na shiga mata hanci.

Tsakanin ɗakin ajiya da ofishin Manaja falanki ne kawai. Ta ji an buɗe ƙofa, ta ji Manaja yana faɗa ƙasa-ƙasa, irin faɗan wanda mai kaya ya gama wanke shi ta waya. Auta ta ce wataƙila sabis ne ya ɗauke. Manaja ya ce kada ta raina masa hankali.

“Tun yaushe na ce ki canja lambar nan? Ke da bakinki kika ce yanzu-yanzu ake yi.”

“Ranka ya daɗe, ku yi haƙuri ku bar mata. Ita kaɗai ta rage mata. In aka cire, wa zai ƙara zuwa teburinta?”

Manaja ya ce to, Allah ya ba ta ladan zumunci, amma kada a sake.

Uwar Hatimi ba ta motsa ba. Wani abu ya faɗo mata. Lokacin da Auta take ƙarama, in ba wanda zai riƙe ta, takan zo da ita ofis. Sai ta ba ta wani mataccen hatimi da tarkacen takardu, ta zaunar da ita a ƙarƙashin tebur, yarinya ta yi ta bugawa tana ganin ita ma aiki take yi. Ashe an juya. Duk neman tabarau ɗin nan, duk jan lambobin nan, yarinyar tana tsaye tana kallonta ne kamar yadda ake kallon yaro yana wasa. Da ƙwace mata aiki kawai ta yi, da ta san yadda za ta ƙi ta. Yanzu ga shi ta fi ta aiki, ta kuma fi ta hali, kuma har Manaja ya shaida.

Da yamma Auta ta shigo gida da maganin shafawa na gwiwa, ta ajiye a hannun kujera. Ba ta ɗauko zancen ba. Ta shiga kicin ta ɗora ruwa, ta dawo tana ba da labarin cunkoson hanya. Uwar Hatimi ta bar ta ta gama.

“Sabis lafiyarsa ƙalau yau,” in ji ta.

Auta ta sunkuyar da kai.

“Ni na raine ki ko ke kika raine ni?”

“Ke ce, Yaya.”

“To, in za ki fi ni, ki fi ni a fili. Kada ki ƙara jin tausayina a bayan idona.”

Auta ta fara cewa ba haka ba ne, ita dai ta ga kamar, sai maganar ta maƙale. Yayar ta tashi ta shige ɗaki. Maganin ya kwana inda aka ajiye shi.

Washegari ta riga kowa zuwa ofis. Da Auta ta tura izinin kwantenar kifi, ba ta jira an zo teburinta ba. Ta tashi da kanta ta shiga ɗakin mai sanyi, wanda ba ta taɓa zama a cikinsa ba, ta karanto lambobin a numfashi ɗaya, ba tabarau. Izini ya fita. Sannan ta kife wayar a kan teburin, ta ɓalle murfin, ta cire batir, ta zaro sim ɗin da farce ta tura shi gaban ƙanwarta.

Auta ta ce ai ba sai an yi haka ba, lambar kawai za ta canja a na'ura. Ta ƙara da cewa wannan fa layin da 'ya'yan yayar tata ke kiranta ne, da dangi, da kowa.

“Riƙe. Wanda ke nemana ya san gida.”

Ta koma teburinta ta kwashe kofinta, tabarau da sallayarta ta zuba a jaka. Ta leƙa ofishin Manaja ta ce masa gwiwa ta matsa mata, za ta huta. Ya tambaye ta har zuwa yaushe. Ta ce ya tambayi Injiniya, ita ta san abin da ya rage mata.

Ni ɗaya ne daga cikin direbobin nan, kuma ina ƙasan matakala lokacin da ta fito, ina jiran a sallame ni. Tana saukowa a hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfen, ƙafa mai ciwon tana bin mai lafiyar. Auta ta biyo ta da sauri, kati na lilo a wuyanta, ta kai hannu za ta karɓar mata jakar. Uwar Hatimi ba ta waiwaya ba. Ta janye jakar, ta mayar da ita ɗaya kafaɗar, ta ci gaba da sauka.